Raƙumi Mai Zuciya Takwas

Litinin, bayan la'asar

Ƴata Nafissa ta ce in riƙa rubuta abin da agogo ya nuna a kowane gwaji, kada mu manta. To, tunda ta ba tsohon tela alƙalami, sai ta haƙura da abin da zai biyo baya.

Ga yadda abin yake. Idon matata Hajiya na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana nan, amma ta ce kamar tana leƙen duniya ta bakin tulu, kuma bakin sai ƙara tsukewa yake. Likita ya sa ranar aiki, Alhamis ta uku daga yau. Abin da ya gaya mini a bakin ƙofa, bayan Nafissa ta riƙe hannun uwarta sun yi gaba, ba na rubutu ba ne.

A cikin taksi, muna dawowa Talladjé, Hajiya ta ce abu ɗaya take so kafin ranar: kaset ɗin Layya.

Wani maƙwabcinmu mai kamara ne ya ɗauke mu wata shekara, ranar gashin raguna. Hotunanmu na takarda ruwa ya ci su tare da tsohon ɗaki. Wannan kaset kaɗai ya rage da yayan Nafissa a ciki, Allah ya jiƙansa. Ɗan fari ne, mu kuwa mutanen Dogon Dutsi ne, saboda haka sunansa bai taɓa fita daga bakin uwarsa ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ta dube shi ido da ido a gaban mutane ba. Ni ma ga shi alƙalamina ya kewaye sunan ya wuce.

Nafissa ta riga ta sa an juye kaset ɗin a kwamfuta, ta kunna wa uwarta. Hajiya ta kai hancinta har jikin gilashi, ta ce hayaƙi kawai take gani. Akwai wata manhaja, in ji Nafissa, mai bin hoton ɗaya bayan ɗaya tana wanke shi, tana ƙara masa haske da girma. Amma ƙaramar kwamfutarta ta ce sai ta yi kwana huɗu a kai ba tsayawa. A wannan bazarar, a Yamai, wa ya taɓa ganin kuran, wato wutar lantarki, ya kwana huɗu?

Muna bukatar inji mai ƙarfi. Gobe kasuwar Katako.

Talata, azahar

Yacouba mai sayar da tsofaffin kwamfutocin Turai Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “shi” ne a wurinsa. Na ɗinka wa ubansa riguna shekara da shekaru. Da ya ji bukatarmu bai yi dogon zance ba. Ya ce mu ɗauki biyu, mu gwada a gida, mu riƙe wanda ya fi.

Ɗaya baƙi ne, ɗan madaidaici. Ɗaya ruwan toka, ƙato, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Kafin mu iso gida na raɗa musu suna: Doki da Raƙumi.

Nafissa ta ce ƙarfin inji yana cikin wani ɗan abu mai faɗin akwatin ashana, furosesa, shi ne mai yin lissafin. A cikinsa kuma akwai abin da Faransawa ke kira ker, wato zuciya. Doki zuciya huɗu gare shi, masu saurin bugawa. Raƙumi takwas, amma kowace tana tafiya a hankali.

Na ce a garinmu mai zuciya biyu ma ba a ba shi ajiya, balle takwas.

Akwai manhajar awo da ke ba kowane inji maki. Na lura da Yacouba: in ya dafa Doki sai ya karanta makin sama, in ya dafa Raƙumi sai ya karanta na ƙasa. Na tambayi dalili. Ya yi dariya, ya ce na sama ƙarfin zuciya ɗaya ne, na ƙasa na dukansu a haɗe, kuma kowane inji da inda ya fi kyau, kamar amarya. A na sama Doki ke gaba. A na ƙasa Raƙumi ya ba shi rata.

Mun dawo da injuna biyu da gaskiya biyu.

Laraba, hantsi

Na gaya wa Nafissa ni ban yarda da makin da wani ya auna da kayan wani ba. In za ka gwada masu hatsi biyu, da tiyarka kake zuwa. Ta ce daidai ne, masu sanin abin ma haka suke yi. Sai ta kwafi minti na farko na kaset ɗin, ta ce ga tiyarmu. Kowane inji zai wanke wannan minti, ni kuma ina riƙe da agogo.

Babu fuska a mintin. Wuta ce a tsakiyar titi, raguna a baje jikin sanduna sun kewaye ta, hayaƙi yana tashi. Sai muryar yaron daga gefe: “Inna, ina yajin?” Sai muryar Hajiya daga cikin gida, ba da shi take ba, da iska take: “Ku gaya masa yana kan taga.”

Doki: minti ashirin.
Raƙumi: minti talatin da ɗaya.

Kaset ɗin minti arba'in ne. Ko da Doki, aikin ya haura awa goma sha uku, kuma in wuta ta yanke sai a koma farko.

Na ce a ciro wuraren da yaron yake kawai. Hajiya tana tsakar gida tana tsinke zogale, ashe kunnenta yana wurinmu. Ta ce ba a yanka mata shi kamar naman Layya. Duka take so, daga farko har ƙarshe.

Alhamis, bayan asuba

Mun sake gwadawa don kada a zalunci Raƙumi. Bai canza hali ba.

Juma'a, bayan an sauko

Nafissa ta ɗora wa Doki kayan duka kafin ta tafi aiki. Tana buga takardu ne a wani shago kusa da Petit Marché. Ta nuna mini wani koren layi da ke rarrafe a ƙasan gilashi, ta ce in ya kai bango an gama. Aikina in zauna in hana jikoki taɓa waya.

Ya kai kashi ɗaya cikin uku. Ina masallaci aka ɗauke wuta.

Asabar, magariba

Kakata ta kan ba mu labarin wani mutum da ke gina rumbu da rana, kura ta zo ta rushe kafin gari ya waye. Muna yara muna tambaya don me bai daina ba. Ta ce in ya daina ai labarin ya ƙare, ku kuwa ba ku yi barci ba. Wanda ya raɗa wa wutar lantarki kuran, da ya cire harafin ƙarshe da ya huta.

Yau rabi ya kusa.

Lahadi

Hajiya ta zuba mini shayi a gefen kofi. Na matsar da kofin ƙarƙashin butar. Ta cika shi, ta ajiye butar.

Litinin, la'asar

Na je wurin mai walda na bakin titi neman aron gurup ɗinsa, injin ba da wuta. Ya ce da ransa, amma injin ba ya awa uku bai shaƙe ba, kuma wutarsa hawa da sauka take, ta taɓa ƙona masa tele, wato talabijin. Na gode masa.

Yacouba ya yi waya. Wani mai ɗaukar bidiyon biki yana son inji, duk wanda muka bari shi zai ɗauka. Ya ba mu zuwa Lahadi. Ya tambayi jikin Hajiya, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Na ce amin, a ba su duka biyun.

Nafissa ta ce mu mayar da Raƙumi tun yanzu, ya cika ɗaki. Na ce a bar shi tukuna. Ba ni da hujja. Makin nan na ƙasa ne ya tsaya mini a rai. Ko dai awon ƙarya yake, ko kuwa mu ne ba mu iya ɗora wa dabbar kaya ba.

Talata, hantsi

Babu wuta tun safe. Na zauna gaban baƙin gilashi ina kallon wani tsoho mai manyan kunnuwa.

Shekara da shekaru muna musu da Hajiya a kan yaron nan. Ni na ce da ni yake kama. Ita ta ce babu abin da ya ɗauko nawa, duk na gidansu ne. In na ce yaya aka yi ta sani alhali ba ta dubansa, sai ta tashi ta shiga madafa.

Laraba, bayan la'asar

Na roƙi Nafissa ta nuna mini zukatan nan da idona. Ta buɗe wani allo mai ƴan tagogi, kowace zuciya da tagarta, ta ba Raƙumi tiyarmu. Taga ɗaya ta cika maƙil. Ta biyu tana ɗan motsi. Sauran shida shiru, kamar ma'aikata ranar Juma'a da yamma.

Na san wannan hoto. Lokacin da shagona yake shago, keken ɗinki takwas gare ni. In aka kawo babbar riga aka ba mutum ɗaya, sauran bakwai hira suke, kuma mai saurin ƙafa shi ne gwani. Amma in Salla ta matso, sai in yanka: wannan hannu, wannan wuya, wannan aljihu. A ranar ba a tambayar wa ya fi sauri, ƙafa nawa ke taka keke ake tambaya.

Na fara yi wa Nafissa wannan bayani ina jin kaina, sai ta tare ni.

“Baba, tun ran Laraba waccan na san haka. In an raba shi gunduwa-gunduwa, kowace zuciya ta ɗauki ɗaya, kuma abin da aka gama ya gamu ko an ɗauke wuta. Amma ka ji abin da Inna ta ce. Ni ba zan sa masa almakashi ba. Kai ne mijinta.”

Mako guda muna kokawa da kura, ashe maganin yana tsakar gida yana tsinke zogale.

Alhamis, hantsi

Na taso wa Hajiya da zancen yankan. Ta ce a'a kafin in kai aya.

Saura mako ɗaya.

Alhamis, bayan magariba

Na buɗe akwatinta na ciro rigar da na ɗinka mata shekarar da muka sauka Yamai, shuɗiya mai surfani a wuya. Na sa mata a cinya, na ce ta nemo mini inda aka haɗa. Ta bi ta da yatsa, ta daɗe. Ta samo na kafaɗa, ta ce wannan ma don ta san wurin ne.

Na ce, “Hajiya, ƙyalle tara ne a rigar nan. Wace riga na taɓa ɗinka miki ban yanka ba?”

Ta ce riga daban, mutum daban. Na ce kaset ɗin na asali yana nan ba mai taɓa shi, inuwarsa za a yanka, kuma ko ƙiftawar ido ba za a zubar ba. Ta sake bin kafaɗar rigar da yatsa. Can ta ce, “In na ji tabon ɗinki, Malam, kai da injinka ku koma Katako.”

Na ce na yarda. Nafissa tana bayan labule, na ji ta saki numfashi.

Juma'a, da sanyin safiya

Sabon awo. Nafissa ta kwafi tiyarmu sau takwas, ta ba Raƙumi duka a lokaci guda. Tagogi takwas suka cika. Injin da ya yi kwana goma yana gyangyaɗi ya kama gurnani. Doki kuma huɗu-huɗu yake iya ɗauka, sai ya yi sawu biyu.

Tiya takwas, Raƙumi: minti arba'in.
Tiya takwas, Doki: minti hamsin da shida.

Na yi wa Raƙumi kirari, Nafissa ta ce in rage murya.

Da aka gama ta kunna su don ta duba. Sau takwas ya nemi yajin. Sau takwas aka ce a gaya masa. Na fita duba ko an rufe ƙofar gida, ko da yake na san a rufe take.

Juma'a, bayan azahar

Na ce a maimaita da rana tsaka, don aikin ba da asuba kaɗai za a yi shi ba, kuma ɗakinmu rufin kwano ne. Gara da na ce.

Doki: kusan yadda yake da safe.
Raƙumi: ya fara da ƙarfi, ya yi ta ja da baya, ya haura awa. Ana cikin sawu na biyu ya mutu da kansa, ga wuta kuwa tana nan.

Nafissa ta ce in furosesa ya ji zafi yana rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya yi yawa ya kwanta. Ta ce ita dai Doki ta fi amincewa da shi, ba ya ba da mamaki. Tana da gaskiya. Raƙumin da ke tsoron rana, ban san a wace ƙasa aka haife shi ba.

Asabar, hantsi

Mun buɗe cikinsa. Tsakanin fanka da ƙarfen da ke shan zafi mun tarar da wani abu kamar bargo. Na ja shi da hantsaki, ya fito a dunƙule: gashin kyanwa ne, fari da ja. Wata kyanwar Turai ta yi shekaru tana jin ɗumi a jikinsa, ga shi mu ne muke biya a Talladjé.

Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe kamar tsohon tuwo. Nafissa ta hau kabu-kabu zuwa Katako, Yacouba ya ba ta sabo a ƴar sirinji, ya ce ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, kada Baba ya shafa shi kamar man kaɗanya. Ni kuma na jiƙa buhu na rataya a taga, na juya bantilatar tana hura masa.

Muna shirin gwaji aka ɗauke.

Asabar, la'asar

Wuta ba ta dawo ba. Gobe Yacouba zai zo.

Lahadi, azahar

Ta dawo rana na tsaka, daidai lokacin da nake so. Yacouba ya iso da mai amalanke, na ce su zauna su sha ruwa, ba inda inji zai je sai an auna. Tiya takwas ɗin nan, ɗaki ɗaya, rana ɗaya.

Doki: hamsin da takwas.
Raƙumi: arba'in da uku, kuma iskar da ke fita bayansa ba ta ƙona hannu.

Na sa aka sake wa Raƙumi sawu na biyu nan take, don in ga ko zai kwanta. Arba'in da huɗu. Yacouba ya ce tun farko ai shi ya gaya mana Raƙumi ya fi. Na ce haka ne, ya kuma gaya mana Doki ya fi, duk a rana ɗaya.

Sun ɗora Doki a amalanke. Nafissa ta bi shi da kallo har kwana. Ta ce in Raƙumi ya mutu gobe fa? Na ce to sai mu san abin yi goben.

Litinin, magariba

Gunduwa arba'in, minti ɗaya-ɗaya, takwas a kowane sawu. Sawu biyar ke nan. Nafissa ta koya mini inda zan danna in wani ya ƙare.

Sawu biyu sun shiga rumbu. Na uku kura ta cinye shi yana dab da gamawa. Amma biyun suna nan. Na buɗe na duba su har sau uku, suna nan.

An kira daga wurin likita, an ce kada Hajiya ta ci komai daga daren Laraba.

Talata, hantsi

Babu.

Talata, la'asar

Babu. Hajiya ta tambaye ni ko hadari ne ya taso, ta ga gari ya yi duhu. Rana tana nan fayau. Na ce akwai ɗan gajimare.

Talata, bayan isha

Wuta ta zo. Uku da huɗu sun shiga.

Laraba, hantsi

Na biyar ya gama ina tsaye a kansa da buhu a hannu. Nafissa ba ta je aiki ba. Tana haɗa gunduwoyin, ni ina bayanta ina duba bakin kowane ɗinki, da ido da kunne. Wuri ɗaya muryar wata mata ta yi tsalle, na sa ta warware ta sake.

Laraba, bayan la'asar

Mun aro babbar tele ta maƙwabta, mun rufe taga da bargo. Nafissa ta sa wa uwarta kujera dab da gilashi. Hajiya ta sa shuɗiyar rigar nan, ban tambaye ta dalili ba.

Wuta, raguna, hayaƙi. Ta ce yanzu tana ganin sandunan. Ta gane tsohuwar ƙofarmu, ta gane wata maƙwabciya da ta rasu, ta ce dubi yadda take da jiki a lokacin. Tana juya kai a hankali, tana bin gilashin da ɗan abin da ya rage mata, kamar mai neman allura da fitila.

Wajen tsakiya ya shigo daga dama, da tire a hannu, ya juyo yana yi wa mai kamara dariya. Ta ɗaga hannu. Nafissa ta tsayar da hoton.

Ban san iya lokacin da ta ɗauka ba, agogon yana aljihu ban ciro shi ba. Ta fara daga goshi ta sauko. Ba ta kawar da kai ba, ga ni, ga ƴarta, ga matar maƙwabci a bakin ƙofa.

Can ta ce, “Kunnuwan naka ne, Malam. Sauran nawa ne.”

Na ce na karɓa.

Mun kalla har ƙarshe. Na tambaye ta ko ta ji tabon ɗinki. Ta ce in yi shiru, a mayar mata farko.

Nafissa ta mayar. Wuta, raguna, hayaƙi. Mintin nan da na ji har ban san adadi ba. Murya ta taso daga gefe: “Inna, ina yajin?”

Kafin ta cikin gidan ta amsa, ta kan kujera ta riga ta.

“Yana kan taga, Zailani.”

Gobe da sassafe za mu tafi. Na gaya wa mai taksi ya zo da wuri. Zailani. Ga shi ni ma na rubuta.